Makarɓin bitamin D da lafiyar ƙashin tsofaffi

Makarɓin bitamin D, wanda masana ke taƙaita sunansa da haruffan VDR, wani furotin ne da ke cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam, wanda bitamin D ke maƙalewa a jikinsa kafin ya iya yin aiki. Ta hanyarsa ne hanji ke samun umarnin tsotso kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuwa shi ne babban sinadarin da ke ba ƙashi ƙwari. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin wannan furotin tana da 'yan bambance-bambance tsakanin mutum da mutum, kuma kowa yana gadon nasa ne daga uwa da uba.

Tun daga shekarar 1994 masu bincike ke ƙoƙarin gano ko waɗannan bambance-bambance ne ke sa ƙashin wani tsoho ya zaizaye ya karye, na sa'ansa kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Manyan binciken da aka yi daga baya sun nuna cewa tasirinsu kaɗan ne, kuma mai yiwuwa ya fi bayyana a inda abinci ba ya da isasshen kalsiyam. Wannan ya sa batun ya shafi yankuna irin su Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, inda rana take a wadace duk shekara amma hatsi ne mafi yawan abin da ake ci.

Ƙashi da tsufa

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki yana cikin ƙashi da haƙora. Ƙashi abu ne mai rai. Kullum akwai ƙwayoyin da ke cinye tsohon ƙashi da kuma waɗanda ke gina sabo a gurbinsa, har yakan zama an sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi a shekara. A lokacin ƙuruciya da samartaka gini ya fi rushewa yawa, sai ƙashi ya yi ta ƙara kauri har ya kai iyakarsa wajen shekara 30. Daga nan sai lissafin ya fara juyawa a hankali.

Mata sun fi saurin asarar ƙashi bayan ɗaukewar al'ada, saboda raguwar sinadarin istrojin wanda ke taka wa rushewar ƙashi birki. A 'yan shekarun farko mace na iya rasa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kaurin ƙashinta kowace shekara, wani lokaci ma fiye. Maza ma suna asara, sai dai tasu ta fi tafiya sannu.

Idan asarar ta yi yawa, cikin ƙashi kan zama kamar itacen da gara ta ci: daga waje lafiya lau, amma ɗan nauyi kaɗan sai ya karye. Wannan ita ce zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ba ta da zafi kafin a samu karaya, shi ya sa mutane da yawa ba sa sanin suna da ita. Wuraren da suka fi karyewa su ne ƙashin kwatangwalo, da wuyan hannu, da ƙasusuwan gadon baya. Idan na gadon baya suka lotsa, tsoho yakan rage tsawo ya kuma ranƙwafa, abin da akan ɗauka tsufa ne kawai. Karayar kwatangwalo ta fi haɗari: a ƙasashen da ake tattara alƙaluma, wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na tsofaffin da suka same ta ba sa cika shekara a raye, wasu da dama kuma ba sa komawa tafiya da ƙafarsu kamar da.

Akwai wata cuta dabam da akan rikita da wannan, wato laushin ƙashi. A nan ana gina sabon ƙashi amma ba ya samun kalsiyam da fosfaras ɗin da za su sandarar da shi. Tana kawo ciwon ƙashi da raunin tsokar cinya da ƙugu, har tashi daga tabarma ya zama aiki. Irinta a jikin yara ita ce ke lanƙwasa ƙafafu, a ga yaro da gwame ko ƙafa kamar baka.

Yadda bitamin D ke aiki

Mafi yawan bitamin D da jiki ke amfani da shi fata ce ke haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya taɓa ta. Abinci kaɗan ne ke ɗauke da shi, kamar kifi mai kitse, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Wanda fata ta haɗa da wanda aka ci duk ba sa aiki kai tsaye. Sai sun bi ta hanta an sauya su zuwa wani nau'i da ke yawo a jini, wanda shi ne ake aunawa a ɗakin gwaji. Daga nan ƙoda ta sake sauya shi zuwa nau'i mai ƙarfi da ake kira kalsitirayol.

Kalsitirayol ne ke shiga cikin ƙwayar jiki ya maƙale wa makarɓin bitamin D, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. Makarɓin sai ya haɗu da wani furotin abokin aikinsa mai suna RXR, su biyun su zauna a kan wasu keɓaɓɓun wurare na DNA, su kunna wasu ƙwayoyin gado ko su kashe wasu. A cikin hanji, waɗanda ake kunnawa su ne masu samar da ƙofofi da 'yan dakon da ke ɗauko kalsiyam daga abinci zuwa jini. Idan babu bitamin D hanji yana tsotsar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na kalsiyam ɗin da aka ci. Idan akwai isasshe yakan kai kashi 30 zuwa 40.

Jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin jini ya yi ƙasa, domin zuciya da jijiyoyi da tsoka sun dogara da shi. Da zarar ya fara raguwa, wasu ƙananan ƙullutai huɗu da ke wuya, masu suna faratayirod, sai su saki sinadarin da ke sa a kwaso kalsiyam daga ƙashi. Ƙashi ke nan ya zama rumbun da ake ɗiba duk lokacin da abinci ya gaza. Wannan sinadari kuma yana sa a ƙara sarrafa bitamin D, don haka ƙarancin kalsiyam na sa ajiyar bitamin D ta fi saurin ƙarewa.

Tsufa yana raunana kowane mataki na wannan hanya. Fatar ɗan shekara 70 ba ta haɗa ko rabin bitamin D da fatar matashi ke haɗawa a rana iri ɗaya. Aikin ƙoda yana raguwa, hanji ba ya amsa umarnin kalsitirayol kamar da, ci yana raguwa, fita waje ma tana raguwa.

Ƙwayar gadon VDR da bambance-bambancenta

Ƙwayar gadon VDR tana kan kuromosom na 12. Mark Haussler da Anthony Norman ne suka fara nuna samuwar makarɓin a hanjin kaji a shekarar 1969, sannan a 1988 aka karanta tsarin na ɗan Adam. Kowane mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar gadon, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A wasu wurare cikinta harafi ɗaya na DNA kan bambanta tsakanin mutane. Irin wannan bambanci ba cuta ba ne, yana nan a kowace al'umma, kamar bambancin rukunin jini. Guda biyar aka fi yin bincike a kansu.

FokI yana daidai wurin da ake fara karanta ƙwayar gadon. Mai nau'in F yana samar da makarɓi mai tubala 424, mai nau'in f kuma mai tubala 427. Gwajin ɗakin bincike ya nuna gajeren ya ɗan fi dogon kuzari. A cikin biyar ɗin, shi kaɗai ne ke sauya siffar furotin ɗin kansa.

BsmI da ApaI da TaqI suna kusa da juna wajen ƙarshen ƙwayar gadon, kuma galibi tare ake gadonsu. Ba sa sauya siffar makarɓin. Ana ganin suna iya shafar yawan makarɓin da ƙwayar jiki ke samarwa.

Cdx2 yana gaban ƙwayar gadon, a wurin da ke sarrafa yawan aikinta cikin hanji. Nau'insa na A ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka, inda kusan kwafi uku cikin huɗu nasa ne, alhali a tsakanin Turawa bai wuce ɗaya cikin biyar ba.

Sunaye huɗu na farko an samo su ne daga sinadaran yanka DNA da ake ciro wa daga ƙwayoyin bakteriya, waɗanda da su aka fara gano bambancin. Ƙaramin harafi yana nufin sinadarin ya yanka a wurin, babban harafi kuma bai yanka ba. Saboda kwafi biyu ne, mutum na iya zama FF, ko Ff, ko ff.

Ban da waɗannan, akwai lalacewar makarɓin gaba ɗaya, wadda ba kasafai ake samu ba. An fara bayyana cutar a 1978, aka gano tushenta a ƙwayar gadon VDR a 1988. Yaron da ya gaji lalataccen kwafi daga uwa da uba duka yakan samu lanƙwasar ƙafa mai tsanani tun yana ƙarami, sau da yawa tare da rashin gashi, kuma bitamin D na yau da kullum ba ya yi masa magani. An fi ganin ta a iyalan da auren zumunci ya yawaita. Abin lura shi ne, idan aka ba irin waɗannan yara kalsiyam mai yawa, musamman ta jijiya, ƙashinsu yana warkewa. Wannan ya nuna cewa babban aikin makarɓin ga ƙashi shi ne isar da kalsiyam.

Tarihin bincike

Binciken tagwaye da iyalai ya daɗe da nuna cewa gado ne ke da alhakin kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na bambancin kaurin ƙashi tsakanin mutane. A 1994 Nigel Morrison da John Eisman da abokan aikinsu na Cibiyar Garvan da ke Sidni a Ostireliya suka wallafa a mujallar Nature cewa bambancin BsmI kaɗai na iya bayyana har kashi 75 cikin 100 na wannan tasirin gado. Labarin ya ja hankali sosai, domin ya sa an yi fatan ɗigon jini ɗaya zai iya nuna wanda ƙashinsa zai zaizaye. A 1997 masu binciken suka fitar da gyara, bayan sun gano kurakurai a gwajin wasu samfura, suka ce tasirin bai kai yadda aka faɗa da farko ba.

Ɗaruruwan ƙananan bincike sun biyo baya, sakamakonsu na cin karo da juna. Ɗaya daga cikin masu amfani shi ne na Bess Dawson-Hughes ta Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka, a 1995. An gwada matan da al'adarsu ta ɗauke, aka ga cewa idan suna cin kalsiyam mai yawa babu bambanci a tsotsarsa tsakanin masu BB da masu bb. Da aka rage shi zuwa ƙasa da miligiram 300 a rana, sai masu BB suka kasa ƙara tsotsa kamar masu bb. Bambancin gadon ya fito fili ne a lokacin da abinci ya yi ƙaranci.

A 2006 wata haɗakar cibiyoyin Turai mai suna GENOMOS ta tattara bayanan mutum 26,242. Ba a ga wata alaƙa tsakanin FokI, BsmI, ApaI ko TaqI da kaurin ƙashi ko karaya ba. Nau'in A na Cdx2 ne kawai aka ga yana tare da raguwar karayar gadon baya da kusan kashi 9 cikin 100. Daga baya aka koma duba dukkan DNA a lokaci guda. A 2012 an gano wurare 56 da ke shafar kaurin ƙashi, a 2019 kuma wani bincike a kan mutum sama da 400,000 a Birtaniya ya kai adadin zuwa 518. Gadon ƙarfin ƙashi ke nan a warwatse yake a ɗaruruwan wurare, kowanne da ɗan ƙaramin rabonsa.

Kusan duk waɗannan manyan bincike an yi su ne a kan Turawa, waɗanda galibinsu ke shan madara da cin cuku. A shirin 1000 Genomes, wanda ake yawan komawa gare shi don sanin yawan kowane nau'i a al'ummu, wakilan Najeriya su ne Yarabawan Ibadan da 'yan ƙabilar Esan, babu Hausawa ko Fulani a ciki. Afirka kuwa ita ce nahiyar da ta fi kowace yawan bambancin gado, don haka sakamakon wata al'umma ba ya wakiltar wata kai tsaye.

Bincike a Najeriya da Yammacin Afirka

Aikin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne wanda aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ƙarƙashin Tom Thacher da Philip Fischer da John Pettifor da abokan aikinsu 'yan Najeriya. Abin da ya ɗaure kai shi ne yawan yara masu lanƙwasar ƙafa a ƙasar da rana ba ta yankewa. An gano cewa waɗannan yara suna samun kalsiyam wajen miligiram 200 ne kawai a rana. A gwajin da aka wallafa a 1999, an raba yara 123 gida uku na tsawon mako 24. Kashi 61 cikin 100 na waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai sun kai matakin warakar da aka sa gaba, da kashi 58 na waɗanda aka haɗa wa kalsiyam da bitamin D, amma kashi 19 kacal na waɗanda aka ba bitamin D kaɗai.

Da yake cutar ta fi yawa a tsakanin 'yan gida ɗaya, sai aka duba gado. A 2000 aka kwatanta yara 105 masu cutar da 94 marasa ita. Babu bambanci a BsmI da ApaI da TaqI. A FokI kuwa, nau'in f ya kasance kashi 17 cikin 100 a masu cutar, kashi 26 a marasa ita, wato FF ya fi yawa a masu cutar. Wannan ya saɓa wa abin da aka zata, tunda F ne ake ɗauka mafi kuzari. Bambancin bai da girma, kuma yara masu kowane nau'i sun kamu. Abin da ya warkar da su shi ne kalsiyam, har ma wani gwajin da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa garin busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa yana yin wannan aiki.

Game da tsofaffi, wani bincike na 1991 ya nuna karayar kwatangwalo ta yi ƙaranci sosai a Ibadan idan aka kwatanta da kudancin Ingila. A karkarar Gambiya, a yankin Keneba, inda mata ke samun kalsiyam wajen miligiram 300 zuwa 400 a rana, an ruwaito a 1996 cewa tsofaffin mata da yawa ƙashinsu ba shi da kauri, amma karayar zaizaya ba ta yawaita ba. Daga cikin dalilan da masana ke kawowa akwai aikin ƙarfi har cikin tsufa, da ƙarfin tsoka, da siffar ƙashin kwatangwalo, da kuma yadda jiki ke tattalin kalsiyam. Sai dai tsofaffi suna ƙaruwa a Afirka, zaman birni yana rage motsa jiki, kuma karaya da dama ba ta isa asibiti balle a ƙirga ta.

Yawan rana ma ba ya tabbatar da isasshen bitamin D ga kowa. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashen Afirka a 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana ƙasa da ma'aunin nanomol 50 a kowace litar jini, kuma abin ya fi shafar mata da mazauna birane. Wani ƙaramin bincike a kan Fulani makiyaya na arewacin Najeriya a 2010 shi ma ya samu na mata ƙasa da na maza.

Batsari da Safana

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu da ya miƙa har iyakar Zamfara. A ƙidayar 2006 Batsari tana da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Mazaunansu Hausawa da Fulani ne, manoma da makiyaya. Abubuwa huɗu ne a yankin suka fi shafar ƙashin tsofaffi.

Na farko rana. Yankin yana tsakanin digiri 12 da 13 arewa da tsakiyar duniya, inda ake samun hasken UVB kowane wata, ko da yake hazon hunturu na rage shi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da fara kafin ta haɗa bitamin D daidai gwargwado, amma manomi ko makiyayi ko matar da ke daka da shanya a tsakar gida suna samun fiye da buƙata. Waɗanda ke cikin haɗari su ne tsohon da ciwo ko makanta ko shanyewar ɓarin jiki ya zaunar a ɗaki, da matar da ke wuni a inuwa jikinta a rufe. Hasken da ya ratso ta gilashin taga ba ya amfani, domin gilashi yana tare UVB.

Na biyu abinci. Tuwon dawa da na masara, da fura da kunun gero, da rogo, su ne jigon ci. Kalsiyam ɗin da ke cikinsu kaɗan ne, galibi ƙasa da miligiram 50 a giram 100, kuma hatsi yana ɗauke da wani sinadari mai suna fayitet da ke kama kalsiyam a hanji ya hana a tsotse shi. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana rage wannan sinadari. Abin da ke cike giɓin yana cikin miya da ƙwarya. Busasshen ganyen kuka yana da fiye da miligiram 1,000 a giram 100, zogale ma yana da yawa, haka riɗi da daddawa da ƙananan busassun kifaye da ake ci da ƙayarsu. Madarar shanu tana da kusan miligiram 120 a mililita 100, kuma cire man shanu ba ya ɗauke kalsiyam, don haka nono da kindirmo duk suna da shi matuƙar ba a cika su da ruwa ba. Alayyafo da yakuwa suna da kalsiyam, amma suna ɗauke da sinadarin da ke rage tsotsarsa. Irin wannan yanayi na ƙarancin kalsiyam shi ne wanda binciken Boston da na Jos suka nuna bambancin VDR na iya bayyana a cikinsa.

Na uku rashin tsaro. Shekaru da dama ana fama da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu. Gidan da aka kore wa shanu ya rasa nono, wanda aka hana noma ya koma cin abin da ya samu. Tsofaffin da suka yi gudun hijira zuwa cikin gari sun rabu da aikin gona da kiwo da ke riƙe musu ƙarfin tsoka da ƙashi, ga rama, wadda ita kanta tana cikin abubuwan da ke jawo karaya.

Na huɗu magunguna. Ƙwayoyi irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saya a kemis ko wurin masu talla don ciwon gaɓoɓi ko don ƙara ƙiba, suna cinye ƙashi idan aka sha su wata da watanni. Tasirinsu ya fi na kowane bambancin VDR nesa ba kusa ba. Shan taba da wasu magungunan farfaɗiya su ma suna raunana ƙashi.

Idan aka samu karaya, mutane da yawa kan fara zuwa wurin masu ɗori. Karayar kwatangwalo kuwa tana can ciki inda karan ɗori ba ya iya riƙewa, kuma doguwar kwanciya na jawo gyambon kwanciya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a jijiya. Galibi tiyata take buƙata cikin 'yan kwanaki. Manyan wuraren da ake tura irin wannan su ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, da Asibitin Janar Amadi Rimi da ke Batagarawa, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Gwaji, kariya da magani

Ana auna kaurin ƙashi da na'urar DXA, a kwatanta shi da na matashi mai lafiya. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, maki -2.5 ko ƙasa da haka yana nufin zaizayar ƙashi. Likitoci ba sa amfani da gwajin VDR wajen gano cutar ko zaɓar magani. Ma'aunin FRAX da Jami'ar Sheffield ta fitar a 2008 don ƙiyasta haɗarin karaya bai sa shi a ciki ba. Abin da yake tambaya a ɓangaren gado shi ne ko uwa ko uba sun taɓa karya kwatangwalo, tare da shekaru, nauyi, tsohuwar karaya, shan taba da shan magungunan da aka ambata.

Cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ta ba da shawara a 2011 cewa matan da suka haura shekara 50 da mazan da suka haura 70 su samu kalsiyam miligiram 1,200 a rana, sannan bitamin D ma'auni 600 har zuwa shekara 70, da 800 bayan haka. An tsara waɗannan alƙaluma ne don mutanen Amurka da Kanada.

Amfanin ƙwayar bitamin D ya danganta da wanda aka ba. A Faransa a 1992, haɗin kalsiyam da bitamin D ya rage karayar kwatangwalo da kashi 43 cikin 100 a tsakanin tsofaffin mata mazauna gidajen kula da tsofaffi. A gwajin VITAL na Amurka kuwa, wanda ya ƙunshi mutum 25,871 masu lafiya, bitamin D kaɗai bai rage karaya ba. A Ostireliya a 2010, bayar da ma'auni 500,000 a tashi ɗaya sau ɗaya a shekara ya ƙara yawan faɗuwa da karaya. Shan sa fiye da kima na iya cika jini da kalsiyam ya cutar da ƙoda.

Matakan da ke rage haɗari ga kowane tsoho, ko wane nau'in VDR ya gada, sun haɗa da yawaita nono da miyar kuka da zogale da ƙananan kifi, da fitar da wanda ba ya iya fita da kansa ya sha hantsi hannuwa da ƙafafu a buɗe, da ci gaba da tafiya da ƙananan ayyuka. Rage faɗuwa ma yana da muhimmanci: fitila da dare, gyara santsin makewayi da bakin rijiya, sanda ga mai jiri, da aikin yanar ido ga wanda ganinsa ya ragu. Wanda ya karye daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, ko ya rage tsawo, ko bayansa ya fara ranƙwafawa, yana buƙatar ganin likita, domin akwai magunguna irin su alendronate da ke rage rushewar ƙashi da haɗarin karaya ta biyu. Ana gudanar da ranar wayar da kai kan zaizayar ƙashi ta duniya a 20 ga Oktoba kowace shekara.